Hutun da Na Roƙa wa Auta

Salamu alaikum, iyaye mata da 'yan matan da ke leƙo wannan shafi. Kun san ni ba gwanar shimfiɗa ba ce. Ɗinki nake yi, in na ga yadi almakashi kawai nake sa masa. Yau ma haka zan yi, don abin ya tokare mini ƙirji. Wadda za ta zage ni ta bari in kai aya tukuna, sai ta zaga da hujja.

Ga wadda ba ta san gidanmu ba, mu biyu ne, ni da Auta. Yayyenta maza sun yi aure sun watse, babansu kuwa shekara tara ke nan da Allah ya karɓi abinsa. Auta likita ce. Ranar da ta gama makaranta na ce alhamdu lillahi, an sauke kaya. Ashe wai akwai wani karatun a bisa karatun. Likitan iyali za ta zama, irin wanda zai duba jariri, ya duba uwarsa, ya duba kakarsa, duk a zama ɗaya. To kafin a yarda da kai sai ka zagaye asibiti kaf, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Wata uku ɗakin yara. Wata uku ɗakin haihuwa. Wata uku wajen masu tiyata, wata uku wajen masu taɓin hankali, haka dai. Da ta fara sabawa da mutanen wuri sai a ce tattara ki yi gaba.

Akwai wani littafi mai koren bango da aka ba ta. Kowane ɗaki da shafinsa, in ta gama sai babban wurin ya sa hannu. Ni na ɗinka wa littafin riga da ragowar atamfata, har da zif, don kada ruwa ya taɓa shi. Shafi goma sha ɗaya sun cika. Saura ɗaya tal: ɗakin jinyar manya, ƙarƙashin wani babban likita da suke ce wa Jan Biro, don ba ya rubutu da wani alƙalami sai ja. In ya sa hannu, ta shiga jarrabawa. Jarrabawar kuwa sau ɗaya ake yin ta a shekara.

Sai mai neman ta. Safiyo ne, mai awon hanya da filaye. Dogo, mara hayaniya, in ya zo sai ya cire takalmi ya jera su daidai wa daida a bakin ƙofa kamar za a zo duba su. Shekara uku yana zuwa gidan nan. Shi ya gyara mini ƙafar teburin keken ɗinkina da ke rawa, sai da ya fito da tef ya auna ta sau biyu. In Auta ta kwana aiki, da safe yana ƙofar asibiti da filas ɗin shayi. In na tambaye shi ya gida, sai ya ce, "Lafiya lau, Umma. Ai yanzu muna ɗakin haihuwa." Ka ce tare suke karɓar haihuwar.

Wallahi ina son yaron nan. Ku riƙe wannan, za ku buƙace ta a gaba.

Ana nan sai wurin aikinsu suka ce za su tura shi wata hanya mai nisa da ake yankawa a daji, shekara ɗaya da rabi, nan da mako shida. Hajiyarsa ta ce a ɗaura aure kafin ya tafi, kuma amarya ta zauna a ɗakinta ko da mako biyu ne. Ta ce ba za a kawo mata amarya da azahar, la'asar ta rataya abin awon ƙirji a wuya ta fice ba. Auta kuma saura mata mako takwas ta gama zagayen ƙarshe.

Gwaggon yara, ƙanwar marigayi, ita ta kawo saƙon. Ta shigo ta tarar Auta na guge farar rigarta a falo.

"Sannu likitan iyali! Wai ni wane iyalin? Na maƙwabta?"

"Ina yini, Gwaggo."

"Da ban yini ba kya gan ni? Ke, sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina kai littafi a sa miki hannu."

"Saura mako takwas, Gwaggo."

"Tun ina da haƙoran gaba nake jin saura. Mako biyu fa aka ce! Ko jaki ana sauke masa kaya ya sha ruwa."

Auta ta jingine dutsen guga. "Kwana biyar kawai aka yarda mutum ya yi fashi a zagaye ɗaya. In ya wuce haka, an soke, sai ya sake daga farko. Jan Biro da kansa yake ƙirgawa."

"To ki auri Jan Biron." Gwaggo ta juyo kaina. "Ke kuma matar Yaya kin zuba ido. Irin yaron nan ba a samun sa sau biyu. In ya kuɓuce, ke za a nuna da baki, ba ita ba."

Na ji maganar kwana biyar ɗin nan da kunnena, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a kaina na ce, ai wannan dokar masu lafiya ce. Mara lafiya fa? Asibiti ne fa. In duk duniya ba a tausaya wa mai ciwo ba, ai can a tausaya.

Washegari da la'asar Auta tana wanka, wayarta na kan kekena, sai ta yi haske. Karatuna ba nisa, amma Hausa ba ta gagara ta. Safiyo ne.

"Na roƙi Hajiya har na gaji. Don Allah ki nemi hutun nan ko ta wace hanya. Ko ni in je in same shi?"

Da ta fito ta karanta, ta ja tsaki, ta rubuta tana faɗa a fili: "Kada ka kuskura ka taka ofishin mutumin nan."

Na ce a raina, shi an hana shi. Ni wa ya hana ni?

Na san ranar Talata Jan Biro ke ganin marasa lafiya 'yan waje, Auta kuma tana can sama wajen masu kwanciya. Na sa atamfata mai ruwan ƙasa, na yafa mayafi ruwan toka, wanda nake zuwa gaisuwa da shi. A ƙofar ofishin wata nas mai kumatu ta tare ni.

"Ina katinki, Mama?"

"Magana kawai zan yi da shi."

"Ko gaisuwa ce sai da kati."

Na je na bi layi aka buɗe mini, shuɗi, da sunana da lamba. Na zauna a benci tsakanin wani tsoho mai tari da wata mai kumburin ƙafa. Ni ce ta ashirin da uku. Ina jan carbi, ina shirya magana.

Jan Biron ɗan ƙaramin mutum ne ashe, mai furfura da tabarau. Ga biron nan a aljihun gaba.

"Mama, me ke damun ki?"

"Ni lafiyata ƙalau, likita, sai hawan jini, shi ma 'yata na kula da shi. Ita ce ba lafiya. Tana ƙarƙashinka."

Na faɗi sunanta. Ya gyara zama.

Da gaskiya na fara. Na ce ba ta barci. Na ce abinci sai na tsaya a kanta. Na ce siket ɗinta sau biyu ina rage masa ƙugu a wata biyu, ni tela ce, tef ba ya ƙarya. Na ce a taimaka a ba ta mako biyu ta huta.

Ya yi ɗan murmushi. "Dukansu haka suke, Mama. Mu ma haka muka yi. Yarinyarki tana da ƙoƙari, ta daure, saura kaɗan." Ya miƙa hannu zai danna ƙararrawa a shigo da na gaba.

Nan ne. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ya isa da nasa. Ni ce. Na ga hannun nan yana tafiya, na ga Safiyo yana tafiya tare da shi, sai na ji bakina na cewa, "Hannunta rawa yake, likita. Satin da ya wuce ta haɗa mini magani ba daidai ba, ta ba ni na yamma sau biyu, sai da na faɗi a banɗaki. Kuma ta ce mini tana tsoron ko ta rubuta wa wani mara lafiya fiye da ƙima."

Yarinyar da kowace Asabar take zama ta jera mini ƙwayoyi a ɗan akwati mai gida bakwai, tana kiran sunan kowace. Shekara huɗu ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskure ba.

Ya janye hannu daga ƙararrawa. Ya zaro biron, ya cire murfi.

"Wace rana ce? Wane magani? Ta faɗi wane mara lafiya ne?"

Yana tambaya ina ƙara gishiri. Da na ga yana rubutu sai na ji daɗi, na ce magana ta shiga. Na roƙe shi kada ya ce ni ce.

"Ba zan ambaci sunanki ba. Kin kyauta da kika zo, Mama. Wataƙila kin ceci rai."

Har awon jini ya yi mini, ya buga hatiminsa a katin, ya sa kwanan wata. Na dawo gida da sauƙin zuciya. Ranar har na shimfiɗa farin leshin da na daɗe da ajiyewa, na yanka mata rigar amarci.

Ranar Alhamis ko azahar ba a kira ba na ji an turo ƙofa. Auta ce, farar rigar a hannu, ba a jiki ba. Ba ta yi sallama ba. Ta zauna a ƙasa, a tsakanin ƙyallayen ɗinki, ta miƙo mini takarda, ta manta ba na jin Turanci.

"Lafiya? An ba ki hutu ne?"

Ta dube ni. "An ba ni, Umma. Wata guda."

Wallahi saura kaɗan in yi hamdala.

"An ce kada in ƙara taɓa mara lafiya sai an tabbatar da lafiyata. A gaban nas-nas aka karɓi makullin akwatin magani daga hannuna. Duk takardar da na rubuta a mako biyar an kwaso ana bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma an tura ni in ga likitan ƙwaƙwalwa. Mutanen da na koyi aiki a hannunsu bara, Umma. Zan je in zauna a bencin da nake kiran mutane daga kai."

"To in sun duba ba su ga komai ba fa? Ai shi ke nan, ki koma."

"Ba za su ga komai ba. Jan Biro ma ya ce yana fatan haka. Amma kwanakin sun tafi. Wata guda ba kwana biyar ba ne. An soke zagayen."

"Ai rashin lafiya ne! Ba a yafe wa mara lafiya?"

"Ba laifi ba ne balle a yafe. Kwanaki ake so ka yi a kan marasa lafiya, in ba ka yi ba, ba ka yi ba. Gurbi kuma sai na 'yan bayanmu ya zagayo. Kafin nan an rufe rajistar jarrabawa." Ta zuge zif ɗin da na ɗinka, ta buɗe shafin ƙarshe, fari fat. "Shekara guda, Umma."

Ta rufe littafin. Ta ci gaba.

"Ya ce wani na kusa da ni ne ya je ya same shi. Wai hannuna na rawa. Wai ina kuskuren magani." Ta ɗaga hannun tana kallo. "Wa ke neman hutun nan ido rufe?"

Ta jawo waya ta karanta a hankali: "Ko ni in je in same shi?"

Na buɗe baki. Allah shi ne shaida na buɗe. Sai na ga idonta, na mayar na rufe.

Ta kira Safiyo a gabana. "Ka samu abin da kake so. Mako biyu ka nema, an ba ka wata guda... Kada ka rantse mini, don Allah, kada ka haɗa da Allah... Shekara uku kana kawo mini shayi, ashe ba ka san abin da nake yi a ciki ba. Ka je ka auri hutun." Ta kashe, ta toshe lambarsa. Ta tattaro filas ɗin da agogon da ya ba ta, ta sa a leda, ta ba maƙwabciyarmu ta miƙa masa.

Gwaggo da ta ji an ba da hutu, da guɗa ta shigo. "Faɗuwa ta zo daidai da zama!" Da ta ji sauran, ta juya kamar ba ita ba. "Namiji ke nan! Shiru-shiru ba tsoro ba, mugunta ce. Dama ni tsayin nan nasa bai kwanta mini ba." A ɗakina, a kan gadona, aka zauna ana tsine wa yaron mutane, ni ina zuba musu ruwa a kofi.

Kwana tara na yi da abin nan a ciki. Katin na tura shi ƙarƙashin dardumata, don nan ne kawai Auta ba ta ɗagawa in tana shara. Sau biyar a rana ina ɗora goshina a kansa. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in rasa me zan roƙa. In ce Allah ya tona asirin wanda ya cuce ta? Ita haka take roƙa, ina jin ta ta bango, kuma dole in ce amin.

Ba ta kuka. Da ta yi kuka da ya fi mini. Sai ta tashi da asuba kamar mai zuwa aiki, ta yi wanka, ta zauna a bakin gado da hannu a cinya. Leshin da na yanka na naɗe shi na cusa a ƙasan akwati.

Ranar Juma'a da yamma Safiyo ya zo. Ya jera takalman nan nasa. Ta ƙi fitowa. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo, ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Umma, ku ne shaidata. Shekara uku ina shiga gidan nan. Kun taɓa kama ni da ƙarya?"

"Ban taɓa ba."

"Wallahi ko ƙofar ofishin mutumin nan ban sani ba."

"Na sani."

Ya ɗago da sauri. "Kun sani?"

"Na san halinka, nake nufi."

Ya sunkuyar da kai. "To ku gaya mata. Maganarku za ta ji, ba ta da kamar ku." Ya gyara durƙuso. "Na ce a wurin aiki su matso da tafiyata, tunda ba abin da nake jira. Gobe ƙarfe bakwai motarmu za ta tashi." Ya turo leda gabana. Filas ɗin ne. "Ku ajiye mata. In ta koma za ta buƙata, shayin asibiti ba ya shayuwa."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Abin da na iya ce masa ke nan, ni da na haifi 'ya'ya biyar.

Yau Asabar. Da hantsi Auta ta shigo da abin awon jini da ɗan akwatin magani, kamar kullum. Duk abin nan bai sa ta fasa ba ko sau ɗaya. Ta naɗa mini a dantse, ta matsa, ta kalli lamba. Ta sake.

"Umma, me kike sa wa a ranki? Wannan ya wuce na gida. Ɗauko mayafinki mu je asibiti. Ba a hana ni raka uwata ba dai. Sai a buɗe miki kati."

Na kalli agogon bango. Tara saura.

Na sunkuya da abin awon a hannuna, na ɗaga gefen darduma, na ɗauko shi. Ya ɗan lanƙwashe saboda sujada. Na sa mata a tafin hannu.

"Ina da kati."

Ta karanta sunana. Ta juya bayansa. Ga hatimi, ga kwanan wata, ga jan rubutu. Na ga tana ƙirga kwanaki da leɓe. Talata. Laraba. Alhamis.

"Na ɗauka in an ce ba ki da lafiya..." Na bar wannan zancen. "Ba shi ba ne, Auta. Bai san komai ba."

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye katin a kan keke. Ta warware mini abin awon a hankali, ta naɗe shi, ta mayar jakarsa. Ta jawo ɗan akwatin, ta buɗe gidajen nan bakwai, ta shiga jerawa tana kiran sunan kowace ƙwaya, hannun nan ko motsi ba ya yi. Da ta gama ta zuba mini biyu a hannu.

"Wannan na safe ne. Wancan na yamma. Ki duba da kyau, Umma, ko na yi kuskure."

Ta ɗauki wayarta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba ni baya. Ina jin ƙarar shigar kira. Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku. A na huɗu aka ɗauka, amma muryar mace ce, babba. Hajiyarsa.

"Ya tafi tun bakwai. Wayar ma nan ya bar ta a kan tebur. Ya ce ba shi da mai kiran sa."

Har yanzu da nake rubuta muku, ƙwayoyin nan biyu suna gefena a kan keke, kusa da filas. Auta kuma ta shiga ɗaki ta jawo akwatin tafiyarta daga saman kabad, ina jin ƙarar zif. Ban sani ba ko bayansa za ta bi, ko ni za ta bari.